Famfon Liza, Rijiyar Altiné

Garin Gado, ƙasar Baudeta
22 ga Satumba

Zuwa ga ƙanwata Damaris, a Mayahi.

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ya aiki, ya gajiyar hanya? Mu nan lafiya lau, sai autata da ta yi masassara kwana uku, yanzu ta miƙe. An fara girbi, gero ya yi kyau bana, dawa ce ba mu sani ba tukuna. Baban yara yana gaishe ki. In kin yi waya Tasawa ki gaishe mani da Inna, mahaifiyarki.

Takarda na rubuto na ba Oumarou direba, don salula ɗaya ce a gidan nan, tana aljihun baban yara, kuma sai an hau tudun bayan gari ake samun rezo waya ta shiga, inda kowa ke jin maganar kowa. Wannan magana ba ta tudu ba ce.

Damaris, shekara shida rabonki da garin nan. Kakata da kakarki ciki ɗaya suka fito, ko da zumuncin ya yi nisa bai tsinke ba. Da na ji za ki zo da mutanen proje, masu aikin tallafi, ranar Alhamis, zakara na yanka. Kika tara mu mata ashirin da huɗu ƙarƙashin gawon majami'a, kika ce famfon sola ɗaya ne, mace ɗaya za a ba ta yi lambun rani, ƙuri'a ce za ta zaɓa. Wata tsohuwa ta sa hannu cikin ƙwarya, aka karanta sunan Liza. Ana cikin guɗa kika shiga mota, ko ruwan gidana ba ki sha ba.

Ni na bi gida gida na rubuta sunayen nan. Shekara biyar ina shugabar zumuntar mata. Ita Liza sai da na je gidanta sau biyu ina lallashi kafin ta yarda a sa sunanta, cewa ta yi ba ta da lokacin lambu.

Kin san ƙawata ce, darni ɗaya ya raba gidajenmu, layi ɗaya muke tsayawa wajen waƙa. Amma tun ranar nan, in na jiyo dariyarta ta bayan darni sai in shige ɗaki. Ran Lahadi ta ɗaura kallabin da na sani shekara uku, ni kuwa na gan shi sabo fil. Ba a rage mani komi ba, rumbuna yana nan yadda yake. To mi ke cina? An ce abin da kika karanta a Yamai ke nan, halin mutane da sha'anin dukiya. Faɗa mani.

Yayarki,
Altiné Gado

Mayahi
1 ga Oktoba

Yaya Altiné,

Na sami takardarki, na gode Allah da jin auta ta warke. Ni ma lafiya, sai ciwon baya na zaman mota. Inna tana amsawa, ta ce har yanzu ba ta ci miyar kuka irin taki ba. Ki gaishe mani da mai gidanki Yaya Bitrus da yara.

Ki yi haƙuri da zancen zakara. Tun kafin tsohuwa ta sa hannu cikin ƙwaryar na san ba ke ba ce, shi ya sa na kasa haɗa ido da ke, na gudu mota.

Abin da ke cinki kuwa ba sabo ba ne, kuma ba ke kaɗai ba ce. Mutum ba ya auna abin hannunsa shi kaɗai, sai ya ɗora shi kusa da na maƙwabci. A wani gari na Kanan Bakashe mun tambayi manoma: wanne kuka fi so, ku sami dami ashirin maƙwabta su sami goma goma, ko ku sami talatin su kuma sittin sittin? Yaya, da yawa ashirin suka zaɓa. Sun yarda yaransu su rasa dami goma, in dai su ne a sama. Kuma ki lura, ba ki taɓa jin zafin attajiran Maraɗi ba. Wanda kuke kai ɗaya da shi, shi zuciya ke sa wa ido. Da matar wani gari aka ba, da barcinki za ki yi. Ni kaina akwai wani abokin aikina, Enoch, tare aka ɗauke mu, shi aka tura kwas Dakar bara. Har yau in ya fara labarin teku sai in tuna ina da aiki a waje.

Yanzu ga muhimmiyar magana. Filin Liza yana jikin rijiyar da Baba Gado ya bar maki a fadama, kuma ita kaɗai ce ba ta ƙafewa da bazara. Sa'idu, mai haɗa famfo, zai zo maki da takarda ki sa hannu a ɗora famfon bisa rijiyarki. Rijiya tana nan taki. Kowace safiya awa biyu na farko ruwan naki ne, ba jan guga, sauran yini na Liza. Yau ba ki da komi, gobe kina da awa biyu. Mai hankali ba ya ƙin kaɗan don wani ya sami da yawa.

Ƙanwarki,
Damaris Tanna

Garin Gado
12 ga Oktoba

Damaris,

Muna lafiya. An gama kai gero gida. Ina fata bayanki ya yi sauƙi.

Na karanta takardarki sau uku, kuma layi ɗaya nake komawa. Kin ce tun kafin a sa hannu cikin ƙwarya kin san ba ni ba ce. Ta yaya? Ƙuri'a ce ko duba? Na tambaya, an ce mani an ga shigarki gidan Liza da safiyar nan kafin taro, kin daɗe ciki. Gidana ba ki taka ba, nata kika sani. Mi ta ba ki? Ko kuwa kin ga ita ta fi dacewa da hoton da za ku aika wa masu proje, tunda fara ce mai wushirya?

Sa'an nan kika ce mai hankali. Bari in tuna maki. A lekwal ɗin Baudeta, ajin malaminmu Mushe Nuraddeen, wa ke zuwa na ɗaya? Wa ke karkata allo don ki kwafi lissafi? Shekarar jarabawar brebe ɓarin jikin uwata ya shanye, na aje kaye, littafin rubutuna, na ɗauki tukunya. Ke kika wuce lise, babbar sakandare, kika wuce Yamai. Ban taɓa faɗa maki ba, amma ranar da Inna ta zo tana nuna hotonki da hular gama karatu, bayan rumbu na je na yi kuka. Yau kin dawo cikin farar mota kina koya mani dami ashirin da talatin.

Sa'idu ya zo ran Talata. Mutumin kirki ne, ya zauna bisa tabarma ya yi bayani dalla dalla. Na ce, "Malam Sa'idu, wa ya gina rijiyar nan?" Ya ce an ce mahaifina ne. Na ce, "Wata huɗu yana cikin ramin nan, ƙasa ta taɓa rufto mashi har sai da aka jawo shi da igiya. Yanzu ɗiyarshi ce za ta tsaya da bokiti ana ƙidaya mata awa?" Ya ce, "Madam, ai ba ki yi asarar komi ba." Na ce ya naɗe takardarshi. Baban yara ya ce in sake tunani, na ce rijiyar gidanmu ce, ba ta gidansu ba.

Liza ta riga ta yi shukar irin albasa a bayan ɗakinta. Ina jin ta tana ban ruwa tana waƙa. Ta ci gaba.

Kada ki kira salular baban yara, ba zan hau tudu ba.

Altiné

Mayahi
18 ga Oktoba

Yaya Altiné,

Ina gaishe ki da girmamawa, ke da duk gidan. Ni dai lafiyar jiki akwai. Don Allah ki karanta wannan har ƙarshe kafin ki yaga.

Liza ba ta ba ni komi ba, ba ta san komi ba. Surukarta na shiga dubawa, wadda ke kwance, don ita ta yi renon Inna. Laifin nawa ne ni kaɗai, ga shi.

Akwai doka a wurin aikinmu. In ma'aikaci yana da ɗan'uwa cikin masu shiga ƙuri'a, ɗayan biyu ne: ko shi ya janye a ba wani ma'aikaci garin, ko a cire sunan ɗan'uwan, a kuma faɗa mashi. Da na janye, Enoch za a ba garinku, da sauran garuruwa biyar na ɓangaren Baudeta, don tare suke. Wata takwas na yi ina gina aikin nan. Na zauna a biro, wato ofis, ina naɗe takardun sunaye, na zo kan naki, na sa shi cikin jakata. Sunaye ashirin da huɗu kika rubuta, takardu ashirin da uku suka shiga ƙwarya. Na ce zan faɗa maki in na iso, da na gan ki kina shirya benci kina fara'a sai na kasa. Muna koya wa mutane cewa zafin rasa abin da ke hannu ya fi daɗin samun irinsa, kuma shi ke sa a yi mugun zaɓi. Na san wannan sarai, ban fasa ba.

Akwai wani wasa da muke yi a garuruwa. Mu ba mace sabulu goma, mu ce ta raba da wata yadda ta ga dama. In ɗayar ta karɓa, kowa ta tafi da nata. In ta ƙi, mu kwashe duka. Da lissafi kawai ake bi, ko ɗaya aka ba ta sai ta karɓa. Amma in aka miƙa biyu aka riƙe takwas, mafi yawa turewa suke yi. Wata tsohuwa a nan Mayahi ta ce mani, "Ɗiyata, ban rasa sabulun da zan sayar da mutuncina ba." Ba rashin hankali ba ne, kuma bai kamata in rubuta maki kalmar nan ba. Haka mutane ke hana a raina su. Sai dai ke wadda ta raina ki ni ce, hukuncin kuma kan Liza yake sauka.

Ki ji wannan da kyau. Ranar 15 ga Nuwamba mota za ta kawo famfon. In ba sa hannu, gaba za a wuce da shi, kuma garinku ya fita cikin jerin. Ki yi fushi da ni iya son ranki, amma ki sa hannun. Awa biyun ma zan roƙi shef, shugaban aikinmu, a ƙara.

Ƙanwarki mai laifi,
Damaris

Garin Gado
27 ga Nuwamba

Damaris,

Lafiya muke, in ana kiran wannan lafiya.

Jiya takardarki ta 18 ga Oktoba ta iso hannuna. Injin motar Oumarou ya buga, ta yi sati biyar a gareji a Tasawa, takardar tana ƙarƙashin kujera. Ya kawo ta da baƙin mai a jiki yana ba ni haƙuri. Ni kuwa duk kwanakin nan cewa nake shirunki amsa ce: an kama ki, kin rasa ta cewa. Sau huɗu baban yara ya ce kina kira, na ce ya ce ina daka.

Bari ki ji abin da ya faru ran sha biyar. Mota ta zo da hantsi, famfo da faifan sola a baya cikin kwali. Garin duka ya fito fadama. Sa'idu ya sake miƙo takarda, na ƙi. Fasto ya ja ni gefe ya yi mani nasiha, na ce na ji. Sai ga Liza ta zo ta durƙusa gabana, gaban kowa.

Ta ce, "Altiné, ki ɗauki rabin yini. Filin ma mu raba biyu, ki zaɓi gefen da kike so."

Na ce, "Sadaka za ki ba ni da ruwan ubana?"

Ta ce, "To ki ɗauki duka, ki bar mani awa biyun."

Kin ji? Ki kai wa masu wasan sabulu wannan. An miƙo mani goman gaba ɗaya ban karɓa ba, don daga hannunta zai fito, kuma har abada famfon Liza za a riƙa ce mashi. Na ɗaga murya na ce, "Ki faɗa wa mutane abin da kika ba Damaris a ɗakinki safiyar ƙuri'a." Mijinta Yakubu ya zo ya kama hannunta ya ɗaga ta. Da azahar mota ta juya. An ce wani gari can wajen Kanan Bakashe aka kai shi.

Zan faɗa maki abin da ban faɗa wa fasto ba. Da na ga ƙurar motar nan ta ɓace, daɗi na ji. Na koma gida na ci tuwo malmala biyu. A fasa kowa ya rasa, na sha jin ana faɗa, ban san yana da zaƙi haka ba. Kwana biyu ya yi mani. Ran Lahadi na shiga majami'a, matan da ke layinmu suka matsa, aka bar mani benci ni ɗaya. Da ma su ma sun sa rai za su riƙa ɗibar ruwan sha a bakin tiyo. Wasu kuma sun yarda da maganata, sun daina gaisa da Liza. Ba ta ƙara waƙa a bayan darni ba.

Sai jiya na karanta cewa sunana a jakarki ya kwana. Ashe hancina bai yi ƙarya ba, akwai abin da ya ruɓe, gidan da na nuna ne ba shi ba. Na ɓata sunan matar da ba ta ci ba ba ta sha ba. Ban sani ba ko da takardar ta zo kan lokaci zan sa hannu. Ina so in ce zan sa. Ban sani ba.

Amsa mani abu ɗaya. Enoch ne kawai?

Altiné

Mayahi
3 ga Disamba

Yaya,

Ina gaishe ki. Na ba wani mai babur wannan hannu da hannu, ba zan ƙara yarda da ƙarƙashin kujera ba.

A'a, ba Enoch ne kawai ba. Tun ina ƙarama Inna ke cewa, "Da Altiné ta sami abin da kika samu, da yanzu minista ce." Ran da na kawo mata takardar gama jami'a ma ta faɗa. Kin ce kin yi kuka bayan rumbu. Ni kuma duk zuwan da na ƙi yi shekara shida, tsoro ne kada in zauna kusa da ke a ga har yanzu kin fi ni kai. Da nake sa sunanki cikin jaka, na ce wa kaina doka ce. Amma hannuna bai yi nauyi ba, Yaya. Da famfo ya zo hannunki, lambun da za ki yi sai an zo kallo daga Tasawa, kuma Inna ce za ta fara zuwa.

Na faɗa wa shef komi ran Litinin. An cire ni daga fita garuruwa, ina biro ina shigar da amsoshin da wasu suka tattaro. Enoch ke da Baudeta yanzu. Na roƙa a maido garinku cikin jerin baɗi, an ce za a duba, ban yi maki alkawari ba.

In kina so in rubuta wa Liza, ko fasto, ki ce.

Damaris

Garin Gado
14 ga Disamba

Ƙanwata Damaris,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Sanyi ya shigo, yara duk da majina, amma ba mai kwanciya. Dawa ta yi rabi. Baban yara yana gaishe ki, ya ce in rubuta maki cewa shi ba ruwanshi.

Na ji abin da aka yi maki a wurin aiki. Ban yi murna ba, kuma na duba cikina da kyau kafin in rubuta haka. Zancen Inna kuwa, ita ce ke zuwa nan tana ce mani, "Damaris ko tuwo ba ta iya tuƙawa ba, amma duniya ta san ta." Ashe kowa da abin da take kai mata.

Ran Alhamis na tsaya gaban zumuntar mata. Na ce ƙarya na yi wa Liza, ba ta ba kowa komi ba. Na ce baƙin ciki ne ya hana ni sa hannu, ba rijiyar ubana ba. Suka tambaya to mi ya faru da ƙuri'a, na ce mai wannan amsar tana Mayahi. Sa'an nan na aje shugabanci. Aka ce a zaɓi wata nan take, kin san wa suka zaɓa? Liza. Na ɗaga hannu tare da su. Ina ɗagawa abin nan yana cizona a ƙirji kamar ran farko. Ashe ba ya mutuwa, sai dai ka san muryarshi.

Ran Litinin da safe na je fadama na tarar da ita bakin rijiya da faranti biyu na irin albasa, duk ya yi tsawo ya fara rawaya.

Ta ce, "In bai shiga ƙasa satin nan ba ya mutu. Rijiyar da mai ita, shi ya sa nake jira."

Na ce, "Liza, ki yafe mani."

Ta ce, "Wannan sai a hankali. Kawo guga."

Layi tara muka dasa, rabi a filinta rabi a nawa, iyakar abin da hannu zai iya shayarwa ke nan. Da famfo ne da sittin za a yi. Rijiyar gaba goma sha ɗaya ce, safe da yamma muke ja, tafin hannuna duk ya fashe. Ba ma hira sosai. Jiya dai ta tambaye ni jikin auta.

Kada ki rubuta wa kowa. Ni na tsaya gabansu da ƙafafuna, ke ma haka za ki yi. Ki zo Nowel, ran Kirsimeti, za a taru bayan sujada. Ban gama hucewa ba, kada ki zo kina tsammanin an gama. Amma na share maki ɗaki.

Na faɗa wa Liza za ki zo, kuma na faɗa mata dalili, ita kaɗai. Ta ce a faɗa maki layi uku na bakin kwari naki ne har ki koma. Ba na ci ba, na ban ruwa. Ki taho da tsohon zane.

Yayarki,
Altiné Gado